Margarita Mamun: Damisar Bengal da ta Saba Zuwa ta Biyu

Ranar Asabar, 20 ga watan Agustan 2016, ana gobe za a rufe gasar Olamfik ta birnin Riyo da ke ƙasar Barazil, wata yarinya 'yar Rasha mai shekara 18 ta cilla kulki sama, ta mirgina a kan darduma, ta miƙa hannu za ta cafe kamar yadda ta saba yi kullum a wurin atisaye. Kulkin ya kuɓuce. Kafin ta kai gare shi kiɗan ya ƙare. Sunanta Yana Kudryavtseva, kuma har zuwa wannan daƙiƙa ita ce a kan gaba, ita ce kowa ya sa wa ido, domin shekara uku a jere tana riƙe da kambun duniya. Ta fita daga filin tana hawaye.

Wadda ta ci gajiyar wannan kuskure ba baƙuwa ba ce gare ta. 'Yar ƙasarsu ce, ƙawarta ce, a sansani ɗaya suke atisaye. Ita ce Margarita Mamun, wadda ake kira Rita, mai shekara 20 a lokacin, wato sa'ata ke nan a yanzu. Labarinta nake so in ba ku.

Ni kaina ba a Riyo na san ta ba, don a 2016 ina firamare, ban ma san akwai irin wannan wasa a duniya ba. A ɗakin kwananmu na jami'a wata ƙawata ta miƙo mini waya ta ce in kalli wani bidiyo. Na ga mace tana wasa da dogon zirin ƙyalle, ta wurga shi sama, ta juya sau biyu, ya faɗo mata a hannu ba tare da ta ɗaga kai ta dube shi ba. Na ce wannan ai haɗin kwamfuta ne. Ta ce in bincika. Binciken da ya cinye mini data ta mako guda ke nan, ga kuma jarrabawa a gabana.

Wane irin wasa ne wannan?

Idan aka ce jimnastik, yawancinmu Simone Biles ta Amurka ce ke faɗo mana a rai, mai tashi sama ta yi alkafura biyu ta dire a tsaye. Wannan reshe ɗaya ne. Reshen da Rita ta ƙware a kai daban yake: jimnastik ne mai tafiya da kiɗa, kuma a cikinsa an ma hana alkafurar da mutum zai bar ƙasa gaba ɗaya. Abin da ake nema shi ne lanƙwasa jiki, tsalle mai faɗi, juyi a kan ƙafa ɗaya, tsayuwa cak a kan yatsun ƙafa, duk a lokacin da hannu ke sarrafa wani kayan wasa, jiki kuma yana bin kiɗa.

Kayan wasan biyar ne, amma manyan 'yan wasa masu fita su kaɗai huɗu suke amfani da su a zamanin Rita, an ajiye igiya gefe. Akwai kawanya, wato babban zobe mai faɗin santimita 80 zuwa 90, kusan kamar wilin keken da yara ke garawa a layi, sai dai ita ta roba ce. Akwai ƙwallo, wadda ba a yarda a damƙe ta da yatsu ba, sai dai ta zauna a tafin hannu ko ta gangara a kan hannu da baya. Akwai kulake guda biyu, kowanne tsawonsa santimita 40 zuwa 50. Sai zirin ƙyallen nan da ya ruɗe ni, wanda tsawonsa bai gaza mita 6 ba, ɗaure a bakin 'yar sanda siririya. Ku auna mita shida a ajinku ku gani. Doka ta ce zirin kada ya daina motsi, kada ya ƙulle, kada ya naɗe jikin mai wasa. Ni ko ɗankwali nake ɗaurawa sai mun yi rigima da shi.

Filin darduma ce mai mita 13 tsawo, 13 faɗi. Kowane wasa daga daƙiƙa 75 ne zuwa 90, ba ƙari. Wato idan aka haɗa kayan huɗu, duk abin da 'yar wasa za ta nuna a ranar ƙarshe bai wuce minti shida ba. Shekara goma sha na wahala, minti shida na hukunci.

A tsarin da aka bi daga 2013 zuwa 2016, maki 20 ne ƙololuwa a kowane wasa. Goma na wuyar abin da kika yi ne: wane irin tsalle, juyi nawa, sau nawa kika cilla kayan sama kika yi juye-juye a ƙarƙashinsa kafin ki cafe. Sauran goman na tsabtar aiki ne. Alƙalai suna farawa da goma cif, sai su riƙa zaftarewa duk lokacin da gwiwa ta lanƙwashe inda bai kamata ba, ko ƙafa ta yi tangaɗi, ko motsi ya saɓa wa kiɗa. Idan kayan ya faɗi, asarar biyu ce: a cire maki saboda faɗuwar, gwargwadon takun da aka yi kafin a ɗauko shi, sannan a soke darajar dabarar da aka so yi. Shi ya sa kulki ɗaya ya isa ya rushe shekara huɗu.

Wasan ya samo tsarinsa ne a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, a birnin Leningirad cikin shekarun 1930, inda malaman rawar bale suka taimaka wajen gina shi. An yi gasar duniya ta farko a Budafes a 1963, ya shiga Olamfik a 1984 a Los Anjalis. Sobiyet ta ƙaurace wa gasar ta wannan shekara, sai Lori Fung ta Kanada ta ɗauki zinaren farko. Har yau mata ne kaɗai ke yin sa a Olamfik, ko da yake a Japan da Sifaniya akwai maza masu yi.

Ga abu ɗaya da nake so ku riƙe, domin shi ne ƙashin bayan labarin nan. A gasar duniya ana ba da lambar zinare a kan kowane kayan wasa daban, a ba da ta ƙungiya, sannan a ba da babbar, ta wadda ta fi kowa idan an haɗa makin kayan huɗu. A Olamfik kuwa babu wannan rabe-rabe. Ga masu fita su kaɗai, zinare ɗaya tak ake bayarwa, na jimilla. Kuma kowace ƙasa mutum biyu kawai za ta iya kawowa, komai yawan gwanayenta.

'Yar Abdullah da Anna

An haifi Margarita a Mosko ranar 1 ga Nuwamba, 1995. Mahaifinta, Abdullah Al Mamun, mutumin yankin Rajshahi ne a Bangaladash, injiniyan jiragen ruwa, wanda karatu ya kai shi Sobiyet ya zauna. Mahaifiyarta Anna 'yar Rasha ce, ita ma ta taɓa yin wannan wasa. Rita ta fara ne tana da shekara bakwai. A wurinmu wannan ƙuruciya ce ƙwarai, amma a duniyar wasan an ɗan makara, domin da yawa daga cikin sa'o'inta tun suna shekara huɗu ko biyar aka fara miƙe musu gaɓoɓi.

Tana da shekara 12 ta taɓa fita gasa da tutar Bangaladash na ɗan lokaci, daga baya ta koma wa Rasha. Wannan ya sa mutanen Bangaladash ke kallon ta a matsayin tasu. Kada ku ga laifinsu: ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 160, kuma har yau ba ta taɓa samun lambar Olamfik ko ta tagulla ba. Daga wannan asali ne laƙabinta ya fito, Damisar Bengal. Abin dariyar shi ne, duk wanda ya kalle ta tana hira zai ga yarinya ce mai sanyin hali da kunya, ba ta da ko kusa da zafin damisa. Wannan sanyin ne ma ya riƙa jawo mata faɗa daga manyanta.

Kociyarta ta kusa ita ce Amina Zaripova, wadda ita ma tsohuwar 'yar wasa ce. A Olamfik ta Atlanta a 1996 Amina ta zo ta huɗu. Duk wanda ya taɓa zuwa na huɗu a aji ranar da ake ba wa ukun farko kyauta ya san ɗacin wannan matsayi. A saman Amina kuma akwai Irina Viner, shugabar masu horar da tawagar Rasha, haifaffiyar Samarkand a Uzbekistan, macen da ta riƙe wasan a ƙasar shekara da shekaru, daga sansanin Novogorsk da ke wajen Mosko. A hannunta Rasha ta ci zinaren Olamfik a 2000 da Yulia Barsukova, a 2004 da Alina Kabaeva, a 2008 da 2012 da Evgenia Kanaeva. Wato duk yarinyar da aka tura bayan waɗannan, ba a tura ta don ta yi ƙoƙari ba. An tura ta ne ta kawo zinare. Azurfa a wannan gida kusan abin ba da haƙuri ce.

Rita ta zama zakarar Rasha a 2011, tana da shekara 15, ta maimaita a 2012 da 2013. Amma gurbi biyu ne kawai na Landan a 2012, kuma Kanaeva da Daria Dmitrieva suka tafi, suka dawo da zinare da azurfa. Da su biyun suka yi ritaya, sai kowa ya ɗauka lokacin Rita ya zo. A 2013 ta ci gasar ɗaliban jami'o'i ta duniya a Kazan. Sannan aka tafi gasar duniya a Kiyef, babban birnin Yukiren.

A can ta ci zinare a ƙwallo, ta ci a kulake, ta samu tagulla a kawanya. Da aka zo babbar rana, ranar jimilla, sai hannu ya fara rawa. Ta yi kurakurai, ta ƙare a ta shida. Wadda ta ɗauke kambun ƙanwar bayanta ce, Yana Kudryavtseva, tana da shekara 15, mafi ƙarancin shekaru da ta taɓa yin haka a tarihin gasar.

Daga nan abin ya zama kamar karatun da aka haddace. A 2014 a Izmir ta Turkiyya: Yana ta ɗaya, Rita ta biyu. A 2015 a wasannin Turai na Baku: Yana ta ɗaya, Rita ta biyu. A gasar duniya ta Stuttgart a Jamus, cikin wannan shekarar: haka. A gasar Turai ta 2016 a Holon, wata biyu kafin Riyo: haka dai. Idan aka ƙirga, Rita ta tara zinare bakwai a gasannin duniya, biyu na ƙungiya, biyar na kayan wasa ɗai-ɗai. Amma babban, na jimilla, ko sau ɗaya bai shiga hannunta ba.

Ba wai Yana ta fi ta iyawa nesa ba kusa ba. Masu bin wasan sukan ce Rita ta fi shiga cikin kiɗa, motsinta ya fi taɓa zuciya, Yana kuma ta fi tsabtar hannu da dakewar zuci. Ita Yana kamar ba ta san fargaba ba. Tana iya juya ƙwallo a kan ɗan yatsa ɗaya tana lanƙwasa baya, fuskarta ko gezau. Rita kuwa, ranar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ranar da wani abu zai kuɓuce mata. Na san da yawa a cikinku sun gane wannan ciwo. Akwai ɗalibin da duk gwajin aji shi ne kan gaba, amma ranar babbar jarrabawa ya shiga ɗaki ya ga takarda, kansa ya ɗauke kamar wutar lantarki.

Ita ma Yana ba a kan katifa take kwance ba. A gasar Stuttgart da ciwon ƙafa ta yi wasa, daga baya aka gano ƙashi ne ya tsage, aka yi mata aiki, ta shafe watanni tana jinya kafin ta dawo. Su biyun sun iso Riyo kowace da nata kayan a ka.

Abin da kyamara ta gani

Da a ce makin alƙalai kawai muke da shi, da labarin bai wuce na 'yar wasan da ta yi haƙuri har ta dace ba. Amma wata mai shirya fim 'yar ƙasar Foland, Marta Prus, wadda ita ma ta yi wannan wasa tana yarinya, ta samu izinin bin Rita da kyamara a shekarar da ake shirin Riyo. Fim ɗin, mai suna Over the Limit, ya fito a 2017. Ba fim ne na 'yan wasan kwaikwayo ba, abin da ya faru ne aka ɗauka.

Na kalle shi, kuma sau biyu ina tsayar da shi in tashi in sha ruwa. Za ku ga Rita ta gama wasan da ni da ku za mu miƙe mu tafa, ta fito tana haki, sai Irina Viner ta buɗe mata wuta. Ba gyara ba, zagi. Kalaman da ba zan iya rubuta su a wannan shafi ba, ko da an fassara su da ladabi. Ta kira ta matsoraciya, ta kira ta marar amfani, a gaban mutane. Amina kuma tana tsakiya kamar wadda aka ba riƙon 'yar wani: wani lokaci ta rungume ta ta sumbace ta, wani lokaci ita ma ta juye mata nata, domin ita ma daga sama ana matsa mata. Rita ba ta ramawa. Takan tsaya ne kawai, ta kafe ido, ta gyaɗa kai.

A daidai wannan lokaci mahaifinta yana fama da ciwon daji. Tana sansani, tana yawon gasa daga wannan ƙasa zuwa waccan, labarin jikinsa sai ta waya. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ake nema ta ɗauki wannan baƙin ciki ta zuba shi cikin wasanta, kamar ciwon uba wani man fetur ne da za a ƙara wa inji.

A nan ne muka yi musu da ƙawar tawa har dare ya raba. Ita cewa ta yi, to ai ga shi ta ci. Da an lallaɓa ta, da ta ci gaba da zuwa ta biyu har ta tsufa. Ta ce wani ƙarfen sai da wuta yake lanƙwasuwa, kuma matar nan zinare biyar a jere ta kawo wa ƙasarta, wa ya isa ya koya mata aikinta?

Ban raina wannan magana ba, don akwai gaskiya a ciki: babu wanda ke kaiwa wannan mataki da wasa da dariya, kuma ita Rita ba a ɗaure aka kai ta sansanin ba. Amma hujjar tana da rami. Muna ganin wadda ta ci ne kawai. Kyamara ba ta bi yaran da aka yi wa irin wannan tsawa suka karye suka koma gida ba, domin babu mai shirya fim a kan yarinyar da ta daina wasa tana da shekara 14. Rasha na da 'yan mata masu hazaƙa da yawan gaske, har ta kai a 2016 sai da aka bar Aleksandra Soldatova a gida, alhali da wata ƙasa take wa wasa da ita ce tauraruwarsu. Inda gwanaye suka yi yawa haka, ko wace irin hanya aka bi wata za ta fito. Saboda haka nasarar ba ta nuna cewa zagin ne ya yi aiki ba. Tana iya yiwuwa duk da zagin aka ci, ba saboda shi ba.

Na faɗi haka ne da wani abu a raina. A sakandaren da na yi muna da wani malamin lissafi da yake raba takardun gwaji daga na ƙarshe zuwa na farko, kowa da irin baƙar maganar da zai haɗa masa da ita. Ya iya lissafi, ba a musu. Mutum uku ko huɗu a ajin sun zage damtse don gudun bakinsa, sun kuma yi fice, har yau da su ake misali. Amma wadda muke zama benci ɗaya da ita, wadda a aji ɗaya ta fi ni lissafi, tun ranar da ya ɗaga takardarta sama aji ya yi dariya ba ta sake ɗaga hannu ba har muka gama. Ita ba ta cikin lissafin nasarorinsa.

Duniyar jimnastik ma ta fara yi wa kanta wannan tambaya. A 2019 hukumar wasan ta duniya ta kafa wata gidauniya mai zaman kanta da za ta riƙa karɓar ƙorafin cin zarafi. A 2022 wasu tsofaffin 'yan tawagar Italiya, Nina Corradini da Anna Basta, suka fito fili suka ce ana ɗora su a kan sikeli kullum, ana ci musu fuska a kan nauyin jikinsu, abin da ya tayar da ƙura a ƙasar. Wannan batu na nauyi tsohon ciwo ne a wasan da ake son jiki siriri, kuma akasarin masu yin sa ba su wuce shekarun 'yan sakandare ba.

Minti shida a Riyo

'Yan wasa 26 suka shiga zagayen share fage, har da Elyane Boal ta tsibirin Kef Bade daga nan Afirka ta Yamma. Goma suka tsallake. Rita ce ta zo ta ɗaya a share fagen, amma wannan makin ba ya bin mutum, washegari daga sifili ake farawa. Kuma ta sha yin kyau a share fage a baya.

Aka fara da kawanya. Rita ta samu 19.050, Yana ta samu 19.225. Aka zo ƙwallo: Rita 19.150, Yana 19.250. Ku haɗa da kanku, masu son lissafi. Rita na da 38.200, Yana na da 38.475. Tazarar 0.275 ce, ƙarama a ido, amma a gaban mutum irin Yana da ba ta cika kuskure ba, babba ce. Duk wanda ya san tarihinsu ya riga ya rubuta sakamakon a ransa.

Sai kulake. Rita ta yi nata lafiya lau, 19.050. Yana ma tana ta tafiya sumul har daƙiƙun ƙarshe, inda ta yi cillin nan da na fara ba ku labari. Alƙalai suka ba ta 17.883. Cikin ƙiftawar ido wadda ke gaba ta koma baya da kusan maki guda.

To a nan ne, a ganina, ainihin jarrabawar Rita take. Mutane kan ce ai sa'a ta yi, Yana ce ta yar. Gaskiya ne Yana ta yar. Amma saura wasa ɗaya, kuma zirin ƙyalle ne, kayan da ya fi kowanne saurin cin amana, wanda ɗan danshin iska ko iskar na'urar sanyaya ɗaki kan iya sa shi ya naɗe. Ga yarinyar da aka sani da rawar hannu a babbar rana, yanzu an ɗora mata zinaren a tafin hannu an ce ta riƙe na daƙiƙa casa'in. Sau nawa irin wannan dama ta zo ta wuce ta? Ta shiga ta yi wasan da ya fi duk na ranar maki a wurinta, 19.233. Yana, wadda ta share hawaye ta dawo, ta samu 19.250 a nata zirin, abin da ni dai ya ƙara mata girma a idona. Amma bai isa ba.

Jimilla: Margarita Mamun 76.483, Yana Kudryavtseva 75.608, Ganna Rizatdinova ta Yukiren 73.583. Rita ce kaɗai a cikin goman da ta haura 19 a duka kayan huɗu. Shekara ashirin cif bayan Amina Zaripova ta tsaya a ta huɗu a Atlanta, ɗalibarta ta hau saman dandamali.

Ta koma Mosko da lambarta. Ranar 26 ga Agusta, kwana shida bayan wasan, mahaifinta ya rasu.

 A 2017 ta auri Alexander Sukhorukov, ɗan wasan ninƙaya na Rasha, kuma a watan Nuwamban wannan shekara aka sanar da ritayarta, tana da shekara 22. Yana ma ba ta daɗe ba, ciwon ƙafar nan ya sa ta ajiye wasa tana da shekara 19. Ku duba wannan da kyau: a shekarun da mu muke fafutukar samun gurbin jami'a, su har sun gama aikin rayuwarsu na farko, sun fara neman na biyu.

A Olamfik ta Tokiyo, wadda annobar korona ta sa aka yi ta a 2021, Rasha ta kawo tagwaye, Dina da Arina Averina, da niyyar ci gaba da gadon. A wasan ƙarshe Linoy Ashram ta Isra'ila ta yar da zirinta, amma wuyar dabarunta da tazarar da ta riga ta bayar suka riƙe ta, ta ci da 107.800, Dina na bin ta da 107.650. Rashawa suka yi ca a kan alƙalai, suna cewa ta yaya wadda ta yar za ta ci. Maganganun da Irina Viner ta yi a kan alƙalan bayan gasar suka jawo aka dakatar da ita na shekara biyu a 2023. A Faris a 2024 babu 'yar Rasha ko ɗaya a filin, saboda takunkumin da ya biyo bayan yaƙin Yukiren, Darja Varfolomeev ta Jamus ce ta ɗauki zinaren. Har zuwa yau, Rita ce ta ƙarshe da ta ci wa Rasha wannan lamba.